Moɗayen Creussen masu fentin gilashi: ta ina ake fara duba ta asali?

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambayata a kan moɗayen nan ne na Jamus masu murfin kuza, masu launin makuba, waɗanda aka jera musu siffofin mutane a kewaye, aka yi musu fenti mai kauri kamar an ɗiga. A kasuwannin gwanjo na intanet sai ka ga guda biyu kamar an tsaga kara, kowacce da 1665 a jikinta, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar sau da yawa. In moɗa tana hannun mutum, me zai fara dubawa: shekarar, murfin, ko fentin?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ko ɗaya daga cikin ukun. Jikin moɗar ake fara dubawa. Amma bari mu san abin da muke magana a kai tukuna. Creussen, ana furta shi Kuroisen, ƙaramin gari ne a arewacin Bavariya, kudu da Bayreuth. A ƙarni na 17 ne maginansa suka yi tashe, sana'ar ta ja har farkon ƙarni na 18 sannan ta mutu. Iyalin Vest su ne suka shahara da sassaƙa mazubin siffofi, Lorenz Speckner kuma sunansa ya fito a cikin maginan. Fentin gilashi, wato garin gilashi mai launi da ake gasawa a jikin moɗa, ya fara bayyana a kan kayansu wajen shekarun 1620, ana tsakiyar yaƙin shekara talatin na 1618 zuwa 1648.

Ana kiran moɗayen da abin da aka jera a kansu. Akwai ta hawariyawa, almajiran Annabi Isa sha biyu, kowa da alamarsa a hannu: Bitrus da mabuɗi, Andarawus da gicciye mai kama da X, Yohanna da ƙoƙo, Bartalamawus da wuƙa. Akwai ta taurari bakwai na ilimin da, har da rana da wata a cikin lissafin. Akwai ta farauta, da karnuka da barewa da beyar. Akwai ta sarakuna masu zaɓen sarkin daular Rum ta Jamusawa, da ta aure, da mai tambarin gida. Giya aka yi su domin ta, wannan ba ɓoyayye ba ne, har akan rubuta a gindinsu da farin fenti wani baiti mai ma'anar ka shanye ni ka sake cika ni domin zuciyarka ta wartsake. Yau dai a gidajen tarihi suke zaune, kamar na Creussen ɗin kansa, da na Veste Coburg, da babban gidan tarihin Jamusawa na Nuremberg.

Shekarar da aka rubuta fenti ce kawai. Duk mai buroshi zai iya rubuta 1665.

Mai Tanderu:
Malam ya faɗi gaskiya, jiki ne farko. Dalili shi ne moɗar nan wuta biyu ta sha, kuma kowace wuta ta bar shaidarta.

Wutar farko ita ce babba, digiri 1200 zuwa sama. A wannan zafin yumɓun yakan narke ya haɗe ya zama kamar dutse, ba ya shan ruwa ko da ba a shafa masa komai ba. Shi ya raba shi da tukunyar ƙasa, wadda ake gasawa a ƙasa da haka sosai, ta riƙa tsatsafo. To ga abin yi, bi da bi.

A juya moɗar a kan tawul, hannu ɗaya yana riƙe da murfi. A nemi wurin da babu sheƙi a ƙasan gindi, ko wata 'yar ɓantara a baki, a ɗiga ruwa ɗigo ɗaya. In ya tsaya cur na minti biyu ko uku, jikin dutse ne. In ya ɓace ya bar tabo mai duhu, ƙasa ce mara cikakken gashi, kuma wasu daga cikin kwaikwayon ƙarni na 19 a nan suke faɗuwa. A ɓantarar, cikin jikin Creussen ruwan toka ne mai duhu ko toka mai ratsin ƙasa-ƙasa. In ka ga fari tas ko ja irin na bulo, ka dakata.

Sai a leƙa ciki da tocila. Ta asali a kan faifan juyi aka ɗaga ta, don haka akwai zoben yatsun magini suna hawa daga ƙasa zuwa sama. Siffofin mutanen kuwa daban aka danna su a mazubi, aka ɗauko aka manna a jiki da kunun yumɓu tun yana ɗanye. Saboda haka bangon ciki a bayan kowace siffa a miƙe yake, ko kuma ka ji ɗan lotsawar yatsa inda maginin ya tallafa. Wadda aka zuba gaba ɗaya a mazubin filasta takan nuna inuwar siffar daga ciki, wato inda waje ya kumbura ciki ya loɓa daidai da shi, kuma sau da yawa akwai layin haɗin mazubi daga baki zuwa gindi, ko a bayan mariƙi, ko da an goge shi.

Maman Ilham:
Na gode Malam. Amma in mai kwaikwayon ya ɗaga ta a faifai, ya manna siffofin da hannu fa?

Mai Tanderu:
Akwai masu yin haka Hajiya, kuma a nan awo yake shigowa. Yumɓu yana ƙanƙancewa wajen kashi 10 cikin 100, wani lokaci fiye, daga ɗanye zuwa gasasshe. Wanda ba shi da mazubin asali, daga jikin tsohuwar moɗa zai ɗauki nasa. Siffar da za ta fito daga wannan mazubin sai ta sake ƙanƙancewa. Hawari mai tsayin milimita 60 zai dawo 54 ko kusa da haka. Kuma da yake an ɗauki zubin ne a kan fenti da sheƙi, yatsu da gemu da ninkin riga duk sai su dushe, kamar sabulun da aka fara wanka da shi. A gwada tsayin siffa da na gidajen tarihi da suke wallafa awon kayansu.

Ɗalibar Kimiyya:
Yaya, ina da ja a kan awon nan. Maginan Creussen ɗin su kansu sun yi amfani da mazubi ɗaya shekaru da dama, in ya lalace su ɗauki sabo daga tsohuwar siffa. Don haka akwai na asali na ƙarshen ƙarni na 17 da siffofinsu suka fi na farkon ƙanƙanta da dushewa. Awo shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Mai Tanderu:
Haka ne ƙanwata, na karɓa. Shaida ce guda a cikin shaidu. Sai ta haɗu da jiki mai shan ruwa ko fenti mara kyau sannan ta yi nauyi.

Malamin Tarihi:
Wannan maganar mazubi ta shafi moɗar sarakunan zaɓe ma. Su bakwai ne har 1648, aka ƙara na takwas, sannan Hanoba ta samu kujera ta tara a 1692. Wasu sukan ƙirga sarakunan su ce ga shekarar moɗa. Ba ya aiki daidai, domin magini bai jefar da mazubinsa ranar da aka ƙara kujera ba.

Ɗalibar Kimiyya:
Bari in shiga fentin, tunda shi ne wuta ta biyu. Abin da muke kira fentin gilashi garin gilashi ne mai dalma, an niƙa shi lukui da sinadarin launi, an kwaɓa da ɗan mai ko ƙaro, an shafa a kan moɗar da ta riga ta gasu. Sai a mayar da ita cikin ƙaramin tanderu mai akwati a ciki, don kada harshen wuta da hayaƙi su taɓa ta, a digiri 700 zuwa 800. Gilashin ya narke ya kama sheƙin da ke ƙarƙashinsa, jikin moɗar kuwa ko gezau. Fasahar 'yar uwar ta masu fentin kofunan gilashi ce na duwatsun Fichtelgebirge, da ke nan maƙwabtaka, shi ya sa launukan suke kama da juna.

Launukan ba su da yawa. Fari daga kuza, shuɗi daga kobal, kore daga tagulla, rawaya daga dalma da antimoni, ja daga tsatsar ƙarfe, sai baƙi da zinariya. Da gilashin ƙara girma mai ninki 10 za a ga fari da shuɗi da rawaya sun yi tudu, yatsa yana jin su, da ƙananan ramukan kumfa da tsagewa siriri kamar gashi. Jan yakan fi sauran siranta da rashin sheƙi. Zinariyar ita ce mai saurin gogewa, don haka a moɗar da ta shekara 350 sai dai a ga burbushinta a cikin lunguna. In zinariya tana walƙiya a kan hanci da gwiwa da ƙugiyar sarƙar ado, inda hannu ya fi gogawa, to sabuwa ce.

Tsakanin hawariyawan akan zana wani tsiro mai fararen furanni kamar ƙananan ƙararrawa, da jerin ɗigo-ɗigo fari a kan layukan sama da ƙasa. Mai fentin asali da sauri yake yi, ɗigon ba su zama daidai da juna, wani ya fi wani. Na kwaikwayo yakan yi tsaf fiye da kima.

Baban Sadik:
To ai matsalar da ta fi wuya ba ku taɓo ba. Akwai moɗar da jikinta na asali ne, ƙarni na 17 sak, amma ba a yi mata fenti ba tun farko, domin Creussen sun yi da yawa masu launin makuba zalla. A ƙarni na 19, da masu tara kayan tarihi suka fara biyan kuɗi mai yawa a kan masu launi, sai aka riƙa ɗaukar waɗannan ana yi musu fenti ana rubuta tsohuwar shekara. Ɗigon ruwa zai ce ta asali ce, tocila ma haka. Ya za a yi da wannan?

Maƙerin Kuza:
Alhaji, a nan murfi yake magana. Kuza tana narkewa a digiri 232. Ba yadda za a mayar da moɗa cikin wutar 700 da murfinta da zoben kuzar da ke gindinta. Dole a cire su, a gasa, a mayar. Wurin da za a duba shi ne ɗamarar da ta kama mariƙi, wadda hinjin murfi yake zaune a kanta. Ta asali a kan mariƙin aka zuba ta, ta kama shi ƙam, launinta ɗaya da na murfin, toka mai duhu. In an taɓa cirewa za a ga like mai haske a ƙasanta ko a gefe, ko tsagar da aka cike, ko ɗamarar tana motsi an cusa mata wani abu. Zoben gindi ma haka: bakinsa da aka lanƙwasa ya kama gindin zai nuna alamar an buɗe an sake dannawa.

Amma a yi hattara. Murfin da aka canja ba ya nufin an sake gasa moɗar. Hinji yana cinyewa, madannin babban yatsa yana karyewa, mutane suna kai gyara tun ƙarni na 18. Shi ya sa na yarda da Malam cewa murfi ba shi ne farkon dubawa ba. Hatimin da ke cikin murfi, na gari da na maƙeri, shekarun murfin yake faɗa, ba na moɗar ba. Haka baƙaƙen sunan mai ita da shekarar da aka zana a saman murfi.

A duba hinjin da kyau. Na shekaru ɗaruruwa yana da sassauci, murfin yana ɗan karkata gefe in an ɗaga, haƙoransa sun cinye juna sun yi sumul. A duba kuma inda murfi yake sauka a bakin moɗa: ya kamata a ga gogewa a jikin biyun a wuri ɗaya. In bakin moɗar ya goge a gaba amma murfin yana sauka a wani wuri, ba tare suka tsufa ba.

Ɗalibar Kimiyya:
Ƙari a kan na Baba Maƙeri. Jikin da ya daɗe ana amfani da shi ya sha maiƙo da datti a cikin ƙananan tsagoginsa. In aka mayar da shi wuta, dattin yakan ƙone ya tofo baƙaƙen ɗigo a cikin sheƙi, wani wurin sheƙin ya dushe. Sannan a duba ko fenti ya hau kan tsohuwar ɓantara ko karce. Fentin asali yana ƙarƙashin lalacewa, ba ya kanta.

In kuɗin moɗar ya kai a kashe mata, akwai na'urar XRF da ake ɗora wa fenti ta karanta sinadaransa ba tare da an kankare komai ba. Kuromiyam sai a 1797 aka gano shi, don haka koren da ya nuna kuromiyam ba na ƙarni na 17 ba ne. Shuɗin da kuwa, kobal ɗinsa daga ma'adinan Saksoni yake, yakan zo da arsenik da nikel da bismut a tare. Kobal tsantsa alamar zamanin baya ce. Farin da ya nuna titaniyam gyaran ƙarni na 20 ne. Akwai kuma gwajin da ke auna lokacin da yumɓu ya ga wuta na ƙarshe, wanda sake gashi yake mayar da agogonsa sifili, amma sai an huda jikin an ɗebi samfur, don haka ba a fara da shi.

Maman Ilham:
Wasu suna cewa a goga asiton, ruwan nan na goge fentin farce, a ga ko fentin zai fita. Yana da kyau?

Mai Gyaran Tangaran:
Hajiya, kada a fara da shi. Fentin gilashi na gaske asiton ba ya yi masa komai, wannan gaskiya ne. Amma in akwai tsohon gyara, ko zinariyar da ba a gasa ba, ko fentin mai da aka shafa a sanyi, zai kwashe shi nan take, kuma ba ya dawowa. A fara da fitilar nan mai shuɗin haske irin ta duba kuɗin jabu, mai nanomita 365, a ɗaki mai duhu. Gilashin asali yakan yi shiru, gam da vanish da cikon gyara sukan yi haske fari ko rawaya ko kore-kore. Wuraren da aka fi gyarawa su ne baki, gindin mariƙi na sama da na ƙasa, da kawunan siffofi. In dole sai an gwada asiton, auduga a kan tsinke, a matse ta, a taɓa wuri ɗaya da bai wuce ƙwayar gero ba a bayan mariƙi, a duba audugar.

Wanki kuma: burushi mai laushi a busasshe tukuna, domin ƙurar hunturu yashi ce, in aka goga ta da tsumma tana karce zinariya. Bayan haka auduga mai ɗan danshin ruwa mai tsabta, ana mirginawa, ba gogawa ba. Kada a jiƙa moɗar a roba. Ruwa yana shiga ƙarƙashin zoben gindi ya kwana, ya ci kuzar daga ciki. Ba bilic, ba ruwan lemon tsami, ba ruwan zafi. Kuma kada a sha komai a ciki, fentin da kuzar duka suna da dalma.

Maƙerin Kuza:
Kuzar ma kada a goge ta da man goge ƙarfe. Duhun nan nata shi ne shekarunta, in aka cire ta zama kamar ta jiya, darajarta ta faɗi. Ma'aunin Nuremberg kashi 10 na kuza ne da kashi 1 na dalma, wasu garuruwan dalmarsu ta fi haka. Dalma kuwa ba ta shiri da tururin tsami da ke fita daga katakon oak da filawud da sabon fenti. In aka rufe moɗa a irin wannan kabad, sai a ga farin gari yana fitowa a murfi. Kabad na gilashi da ƙarfe ya fi. Ciwon kuza da ake yawan faɗa, wanda take rugujewa ta zama toka, sai a sanyin da ya yi ƙasa da digiri 13 na dogon lokaci, don haka a ƙasashe masu zafi ba shi ne abin tsoro ba.

Baban Sadik:
In mariƙi ya karye fa? Ni a ganina gam ɗin epoksi ne kawai zai riƙe jiki mai nauyi irin wannan.

Mai Gyaran Tangaran:
Alhaji, zai riƙe, amma cire shi wahala ne, kuma mai arha yana yin rawaya cikin 'yan shekaru. Masu gyaran gidajen tarihi sun fi son wani gam da ake kira Paraloid B-72, a narka shi a asiton, kashi 40 zuwa 50 cikin 100 don liƙi, kashi 5 don ƙarfafa fentin da ke ɓarewa. Ko bayan shekaru asiton zai sake shi. Sai dai yana fara laushi a wajen digiri 40, kuma ɗakin da ba na'urar sanyaya a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana kaiwa nan. Mariƙi zai iya zamewa a hankali. A irin wannan yanayi a gauraya shi da 'yan uwansa B-48N ko B-44, waɗanda suke jure zafin 50 da 60. A tsabtace bakin karayar, a shafa siriri a gefe ɗaya, a haɗa, a tsayar da moɗar a cikin kwanon yashi yadda nauyin ɓangaren zai danna kan haɗin, a bar ta kwana biyu ko uku. Inda na yarda da kai shi ne karaya mai santsi kamar gilashi wadda ba ta da inda gam zai kama. A nan akan yi amfani da epoksi na gyaran gilashi irin Hxtal, ba na shagon kayan gini ba. Ko da wanne aka liƙa, ba a sake ɗaga moɗar ta mariƙi. Hannu biyu, ɗaya a gindi.

Malamin Tarihi:
Abu biyu da ke rikita masu saye. Na farko, ba duk mai fentin gilashi ce Creussen ba. Akwai na Saksoni da aka daɗe ana kira Annaberg, masu jiki baƙi-baƙi, siffar kamar goruba mai wuya, da adon ɓawon kifi da ganyen dabino, da kuma masu ruwan toka da ake kira Freiberg, masu sassaƙar raga irin ta ƙwarya. Tonon ƙasa ya nuna cewa a Dippoldiswalde, kusa da Dresden, aka yi su, shi ya sa sababbin kundin gwanjo suke rubuta wannan sunan. Su ma na ƙarni na 17 ne zuwa farkon na 18, ba jabu ba ne. Na yankin Westerwald na yammacin Jamus kuwa, masu toka da shuɗi, launinsu a wutar farko ya gasu tare da sheƙin gishiri, babu tudu, ba fentin gilashi ba ne. Fararen ɗigon da ke kan moɗayen garin Altenburg ma yumɓu ne.

Na biyu, masana'antu irin ta August Sältzer a Eisenach da ta Fleischmann a Nuremberg sun yi moɗaye salon Creussen a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da Jamusawa suke sha'awar kayan kakanninsu. Da yawa an sayar da su a matsayin sababbi, wasu da hatimin masana'anta a gindi. Sun zama jabu ne ranar da wani ya kankare hatimin. Don haka in aka ga wuri a ƙasan gindi da aka goge da dutsen wasa ya yi sumul fiye da kewayensa, ko zoben kuza mai faɗi da ya rufe gindin gaba ɗaya, a nemi mai sayarwa ya turo hoton wurin da haske daga gefe.

Maman Ilham:
To in ta hoto kawai za a saya, waɗanne za a nema?

Mai Gyaran Tangaran:
Guda bakwai Hajiya: ƙasan gindi, cikin moɗa da tocila, cikin murfi inda hatimi yake, ɗamarar mariƙi daga ƙasa, fuskar siffa ɗaya kusa-kusa da ma'auni a gefenta, rubutun shekara, da hoto ɗaya a ƙarƙashin fitilar shuɗi. A nemi nauyinta da tsayinta ba tare da murfi ba. In za a aiko ta, a sa takarda mara tsami ninki huɗu tsakanin murfi da baki, a ɗaure murfin da ƙyalle, kada salatif ya taɓa fenti, a cika cikin da takarda, a sa akwati cikin akwati da tazarar santimita 5 ta kowane gefe.